Dole Ne Sai Na Buɗe Cikina a Gaban Abokan Aiki?

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya. Na daɗe ina karanta wannan fili, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan rubuto ba.

Ina aiki a sashen kuɗi na wata ƙungiya, shekarata ta huɗu ke nan. Watan jiya aka shirya mana bita ta kwana uku, wai don a ƙara danƙon zumunci tsakanin ma'aikata. Ranar farko lafiya lau, an yi 'yan wasanni, an yi rubuce-rubuce a allo. Rana ta biyu da muka dawo daga hutu sai muka tarar an kwashe tebura, an jera kujeru goma sha huɗu a zagaye, an ajiye kwalin tishu a tsakiya. Mai gudanarwar ta ce, "Yau babu oga babu yaro. Kowa zai faɗa mana abin da ya fi yi masa ciwo a rayuwa, kuma abin da aka faɗa a nan, nan zai tsaya."

Wanda ya fara ya ba da labarin rasuwar mahaifinsa, ya yi kuka, aka tafa masa. Ta biyu ta yi maganar mutuwar aurenta. Haka aka yi ta tafiya, kowa yana ƙoƙarin kada nasa ya kasa na wanda ya gabace shi. Ni ce ta tara. Tun ana kan na biyar hannuna yake rawa. Ban ji ko kalma ɗaya daga abin da na bakwai da na takwas suka faɗa ba, ina can ina neman abin da zan ce.

Anti, bara na yi ɓarin cikin wata huɗu, bayan shekara biyar muna nema. A ofis abin da aka sani kawai shi ne na yi jinya. Da aka zo kaina sai na ba da labarin wata jarrabawa da na taɓa faɗuwa. Mai gudanarwar ta yi murmushi ta ce, "Wannan ai saman ruwa ne, ki nutsa. Muna tare da ke." Kowa ya zubo mini ido, har da ogana da ke kujera ta uku daga damana. Ɗakin ya yi tsit. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗa, na yi kukan da ban taɓa yi a gaban kowa ba sai mijina. Aka rungume ni, aka ce na yi jarumta.

Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba. Ji nake kamar an tuɓe ni a bainar jama'a. Wasu in za su gaishe ni sai su sassauta murya. Makon da ya wuce oga ya ɗauke mini aikin haɗa rahoton ƙarshen shekara, wanda ni nake yi shekara biyu a jere, ya ce yana so in huta. Ga shi kuma an ce za a yi kashi na biyu na bitar nan da mako uku.

Abin da ya ɗaure mini kai, wasu abokan aikina sun ce zaman ya yi musu amfani, sun ji sakayau. To ni ce nake da matsala? Zurfin ciki ne ya yi mini yawa? In an sake zagayowa kaina, me zan ce ba tare da an ɗauke ni mai girman kai ba?

Taki, ƙanwarki mai karatu.

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin komai, sannu da haƙuri. Allah Ya ba ki lafiya, Ya mayar miki da mafi alheri. Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma duk lokacin da na iso wurin "ki nutsa" sai gabana ya faɗi. Zan gaya miki dalili a gaba.

Ba ke ce kike da matsala ba. Kina ɗauke da kaya mai nauyi, kin zaɓi wanda zai taya ki ɗauka, wato mijinki, kin kuma zaɓi waɗanda ba za ki ɗora wa ba. Da aka tambaye ki, kin ba da amsar da ta dace da wurin. Labarin jarrabawar nan gaskiya ne, ya yi miki ciwo, kuma kunnen abokin aiki zai iya ɗauka. A nan ya kamata mai gudanarwar ta ce ta gode, ta wuce kan na goma. Abin da ya biyo baya ƙwace ne, ko da an yi shi da murmushi da kyakkyawar niyya. Jin nan da kike kamar an tuɓe ki, zuciyarki ce take gaya miki ainihin abin da ya faru.

Kada kuma ki zauna kina zargin kanki wai ai ke kika buɗe baki. Ki sake duban yadda aka shirya ɗakin. Zagaye ne, babu bayan wanda za ki laɓe. Bi da bi ake yi, kina kallon lokacinki yana matsowa kamar mai jiran allura. Mutum takwas sun riga sun zube nasu, kuma duk wanda aka ba sirri yakan ji bashi ya hau kansa, sai ya biya da nasa hankalinsa zai kwanta. Ga tafin da aka yi wa wanda ya fara kuka, wanda ya nuna wa kowa irin amsar da ake so. Ga mai sa hannu a takardar ƙarin girmanki zaune kusa da ke. An ce babu oga babu yaro, amma da aka koma ofis ranar Litinin oga yana nan a ogansa, ya kuma tafi da abin da ya ji.

A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Solomon Asch ya yi wani gwaji a Amurka. Yakan zaunar da ɗalibi cikin wasu mutane da aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a kan kati, a tambaye su wanne ne tsawonsa ya yi daidai da wani layi na daban. Amsar a fili take, yaro ma zai gane. Amma da sauran suka haɗu a kan amsar da ba daidai ba, kusan mutum uku cikin huɗu sun bi su aƙalla sau ɗaya. A kan tsawon layi ke nan fa, cikin baƙin da ba za a sake haɗuwa da su ba. Ina ga mace mai ɗanyen rauni, cikin mutanen da take wuni da su kullum?

Irin wannan zama yana da asali, kuma sanin asalin zai nuna miki inda aka kauce. A 1946, a garin New Britain na jihar Connecticut, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Kurt Lewin da abokan aikinsa suna horar da shugabannin al'umma kan yadda za a magance wariya. Da dare masu horarwar sukan zauna su tattauna yadda mahalarta suka yi mu'amala da juna da rana. Sai wasu mahalarta uku suka nemi a bar su su saurara. Lewin ya yarda, aka ga mutane suna gano abubuwa game da kansu daga jin yadda wasu suke ganinsu. Shekarar da ta biyo baya aka fara irin wannan horo a garin Bethel na jihar Maine. Ki lura, su da kansu suka nema. Abin da ake tattaunawa kuma shi ne yadda mutum yake mu'amala a cikin ɗakin, yadda yake katse mutane ko yadda yake janye jiki. Ba a tonon tarihin gidan kowa. Kuma yawanci baƙin juna ake haɗawa, in an gama kowa ya kama gabansa. Daga baya, cikin shekarun 1960, abin ya bazu ya ƙara zafi, musamman a cibiyoyi irin su Esalen da aka kafa a California a 1962, har ya zama a wasu wurare yawan hawaye shi ne ma'aunin nasarar zama.

To sai wasu masana suka ce bari a auna. Irvin Yalom da Morton Lieberman suka bi ɗalibai 209 na Jami'ar Stanford da aka raba rukuni 18, kowane rukuni ya yi zaman sa'a 30. A 1971 suka fitar da abin da suka gani. Mutum 39 sun fice kafin a gama. Mutum 16 kuma sun fito da illar da ta daɗe tana damunsu, wadda zaman ne ya jawo ta. Dukkansu fa da ƙafarsu suka kai kansu, babu ogan da ya tura su. Abu biyu a binciken nan ba na mantawa da su. Na farko, jagoran da ya fi jikkata mutane shi ne mai kwarjini, mai kutsawa, wanda yake ware mutum ɗaya ya sa shi gaba har sai ya fashe, kuma sau da yawa cikin fara'a da nuna kulawa yake yi. Na biyu, jagororin ba su iya gane waɗanda suka cutu ba. Abokan zama sun fi su sanin wanda ya fita da rauni. A cikin ɗaliban nan akwai kuma waɗanda suka amfana ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka abokan aikinki da suka ce sun ji sakayau gaskiya suka faɗa, ke ma da kika ce kin cutu gaskiya kika faɗa. Ɗaki ɗaya ne ya fitar da ku duka.

Yanzu ga dalilin faɗuwar gabana. Shekarun baya ni ma na gudanar da irin wannan zama, ga wasu malaman makaranta. Akwai wani dattijo a cikinsu, ya haife ni, tun da aka fara yake juya biro a hannunsa, idonsa a ƙasa. Da aka zo kansa ya ce, "Malama, a wuce ni." Na ce, "Baba, ko kalma ɗaya ce." Ya girgiza kai. Na matso da kujerata kusa da tasa, na sassauta murya, na ce duk mun faɗi namu, ba zai so mu tafi ba mu san shi ba. A karo na uku ya ajiye biron a cinyarsa ya ba mu labarin ɗansa da ya faɗa shaye-shaye, da yadda yake fita neman sa cikin dare. Rabin ɗakin suka yi kuka. Na koma masauki ina jin na yi aiki. Takardun da mahalarta suka cika a ƙarshe duk yabo ne. Na lura bai zo rana ta uku ba, na ce ƙila uzuri ne.

Bayan kusan shekara muka haɗu. Ya gaishe ni da mutunci, sannan ya ce, "Malama, ranar nan kin sa na faɗi abin da ba nawa ne ni kaɗai ba. Yaron ya daina, ya koma karatu. Amma a makarantarmu har yau ni uban ɗan ƙwaya ne." Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe. Yafiyar ba ta mayar da maganar ba, domin magana zarar bunu ce. Daga ranar na gane cewa kusan duk wani ciwo da mutum yake ɓoyewa akwai wani a cikinsa: ɗa, miji, uwa, ɗan'uwa. Rashin da kika yi, na mijinki ne shi ma. Mai zurfin ciki sau da yawa amanar wani yake tsarewa.

Za ki ji ana cewa ai in ba a amayar da abu ba zai ci mutum. Akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna James Pennebaker ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi girgiza su a rayuwa, minti 15 kowace rana, kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru da yadda suka ji sun rage zuwa asibitin jami'a a watannin da suka biyo baya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin yana nan amma matsakaici ne. Sai dai ki duba yadda aka yi: mutum shi kaɗai, da takardarsa, babu idon abokin aiki a kansa, shi yake zaɓar inda zai tsaya.

A ɗaya ɓangaren kuma, an daɗe ana zaunar da waɗanda haɗari ko bala'i ya rutsa da su zama ɗaya tak, a sa su maimaita abin da ya faru dalla-dalla, da zaton hakan zai hana firgicin ya zauna musu. Da masana na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan haka a 2002, sai suka tarar zaman bai hana komai ba, a gwaji ɗaya ma waɗanda aka zaunar sun fi sauran shan wahala bayan shekara. Shi ya sa littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, kan taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, ya gargaɗi mai taimako da kada ya matsa wa mutum ya ba da labarinsa. Ya saurara in mutum yana son magana, ya kuma iya zama da shi cikin shiru. In haka aka gindaya wa masu aikin agaji a wurin girgizar ƙasa, ban ga abin da zai halatta wa mai bitar ofis abin da ya wuce haka ba.

Na san inda masu shirya irin wannan bita suke samo hujjarsu. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta nuna a 1999, bayan nazarin rukunin ma'aikata 51 a wani kamfani, cewa rukunin da mutane suke jin amincin yin magana sun fi koyo, sun fi aiki. Amma maganar da take nufi ita ce ta aiki: ka iya cewa na yi kuskure a lissafin nan, ban gane ba, ina ganin hanyar da muka ɗauka ba za ta ɓulle ba, ba tare da tsoron a wulaƙanta ka ba. Babu ɓarin ciki ko mutuwar aure a ciki. Haka Brené Brown, wata mai bincike a Amurka wadda jawabinta na 2010 a Houston ya yayata batun nuna rauni a duniya, ita kanta ta sha nanata cewa labarinka sai wanda ya cancanci jin sa, kuma dole a sa iyaka. An ɗauki rabin maganarsu an bar rabi. Abokin kuka shi ne ba a ɓoye wa mutuwa, kuma zama abokin kuka ba ya samuwa don an jera kujeru a zagaye.

To me za ki yi nan da mako uku?

Ki riga ranar. Ki samu mai gudanarwar ko wanda ya gayyato ta, a keɓe ko a rubuce, ki ce, "Zan halarci komai, amma ba zan yi magana a kan rayuwata ta gida ba. Ina roƙon a sanar tun farko cewa kowa yana da damar cewa a wuce shi." Wannan roƙo ya fi sauƙin faɗa a ofis da rana tsaka fiye da lokacin da ido goma sha uku suke kanki. Mai gudanarwa da ta san aikinta za ta karɓa hannu biyu. In ta ce ai hakan zai ɓata zaman, kin samu amsar da za ki kai wa shugabanninki, domin zaman da ba a iya cewa a'a a cikinsa ba shi da hurumin neman sirrin kowa.

Ki nemi abokin tafiya. A gwajin Asch ɗin nan, da aka sa mutum ɗaya tak cikin rukunin ya faɗi amsar gaskiya, bin ra'ayin taro ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake a da. Ina da yaƙinin cikin mutum goma sha huɗun nan akwai wanda ya koma gida da irin abin da kika koma da shi, yana can yana zaton shi kaɗai ne. Ki tuna fuskokin. Wa ya yi saurin fita da aka tashi? Ki ce masa ko ki ce mata, "Ni dai wannan karon zan ce a wuce ni." Za ki ga sauƙin da zai bayyana a fuskarsa.

In an zo kanki, jimla ɗaya ta isa: "Na gode, yau saurare zan yi." In an ce ki nutsa, ki maimaita ta kamar yadda take, da murya ɗaya, kada ki ƙara bayani. Bayani ƙofa ce, duk dalilin da kika kawo za a samu abin da za a ce a kansa. Shirun da zai biyo baya zai yi miki nauyi, kuma shi ne ya kayar da ke wancan karon. Ki sani shirun nan ba bashinki ba ne, aikin mai gudanarwa ne ta cike shi. Ki kafa ƙafafunki a ƙasa, ki dubi wuri ɗaya, ki ƙirga numfashinki. Da wuya ya kai numfashi goma. In kuma kin fi son ki faɗi wani abu, ki tafi da shi a shirye tun daga gida, abin da yake gaskiya amma ya riga ya warke, wanda ba za ki damu ba in kin ji shi a bakin wani gobe. Da wannan nake auna komai yanzu, domin alkawarin "nan zai tsaya" babu mai iya cika shi a madadin mutum goma sha uku. Ko a rukunin jinya na asibiti, likita yakan gaya wa mahalarta tun farko cewa shi zai riƙe sirri amma ba zai iya lamunce bakin sauran ba.

Batun girman kai kuwa, wanda ya saurari mutane da kyau, ya dube su lokacin da suke magana, ya bi wanda ya yi kuka bayan an tashi ya ce masa sannu, ba a kiran sa mai girman kai. In ma wani ya kira ki hakan na kwana biyu, ya fi sauƙi a kan abin da kike ciki yanzu.

Maganar rahoton ƙarshen shekara kada ki bar ta ta kwana da yawa. Ina kyautata zaton ogan naki tausayi ne ya motsa shi, amma tausayin da ya ɗauke miki aikin da ake ganin ƙwazonki da shi zai cutar da ke in aka zo maganar ƙarin girma. Ki same shi ki ce, "Yallaɓai, na gode da kulawa. Abin da na faɗa a bita ya faru ne bara, kuma bayansa na haɗa rahoton bara ba tare da matsala ba. Ina so a mayar mini da aikina. In ina bukatar hutu ni zan zo in nema." Masu sassauta murya kuma, ki amsa musu da muryarki ta kullum, ki jawo maganar aiki. Mutane sukan bi yadda mai abu ya ɗauki abinsa.

Abu ɗaya ya rage, kuma ba zan ɓoye miki ba. Kukan da kika yi ranar ya nuna raunin yana nan ɗanye, kuma hakan ba abin mamaki ba ne bayan shekara biyar ana jira. In kin ga barci yana gagarar ki makonni, ko abin yana dawo miki kamar yanzu yake faruwa, ko kin daina jin daɗin abubuwan da kike so, ko kina jin rayuwar ta ishe ki, ki je ki ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara, kada ki jinkirta. Akwai kuma rukunonin mata da suka yi irin rashinki, waɗanda ake shiga don ra'ayin kai, a yi shiru in an ga dama, a fita in an ga dama, kuma babu mai riƙe da albashin wani a ciki. Irin wannan zama yana taimakon mutane da yawa. Ki kuma gaya wa mijinki abin da ya faru a bitar, in ba ki riga kin gaya masa ba. Ki rubuto mini bayan mako ukun nan, ina son jin yadda aka yi.

Tambaya

Hajiya, barka da aiki. Ni mai horar da ma'aikata ne, shekara shida ina yi. Na lura in ban ɗan matsa ba, mutane sai su yi ta maganar sama-sama har a tashi, kamfanin da ya ɗauke ni kuma ya ce bai ga abin da aka yi ba. Ta yaya zan sa mutane su saki jiki ba tare da na takura musu ba?

Amsa

Malam, na gode da ka tambaya, domin da yawa cikinmu sai mun yi ɓarna muke tambaya. Ka karanta wasiƙar da ke sama, daga kujerar da ke fuskantar taka aka rubuto ta.

Ka fara da gaya wa mutane abin da za a yi tun a takardar gayyata, kada su shigo su tarar da shi. In an zauna, ka ce kowa yana iya cewa a wuce shi ba tare da ya kawo dalili ba, sannan ka nuna da gaske kake: mutum na farko da ya ce a wuce shi, ka ce masa na gode da irin muryar da ka gode wa wanda ya yi magana, ka wuce nan take. Duk ɗakin yana kallon abin da za ka yi a wannan lokacin, kuma daga nan kowa zai yanke ko zai amince da kai. Ka bar bin layi, wanda ya shirya ya ɗaga hannu. Ka hana tafi bayan kuka. In shugaba da na ƙasa da shi suna ɗaki ɗaya, tambayoyinka su tsaya a kan aiki: wane kuskure ka taɓa yi da ya koya maka wani abu, wane taimako kake jin nauyin nema a wurin abokan aikinka. Waɗannan ma suna bukatar ƙarfin hali, kuma su ne kamfanin zai ga amfaninsu.

Sakin jiki a hankali yake zuwa. A gwajin da Arthur Aron da abokan aikinsa suka wallafa a 1997, mutum biyu-biyu aka haɗa, suka yi minti 45 suna amsa tambayoyi 36 da aka jera daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kowa yana ba da nasa daidai da na ɗan'uwansa. Biyu-biyu ne fa, kuma daga mai sauƙi aka fara. Kai ma ka raba mutane haka, ko ka ba su takarda su rubuta abin da ba za a karɓa ba.

Kada kuma ka dogara da takardar da ake cikawa a ƙarshen zama, lokacin da jiki bai huce ba kuma kana tsaye a bakin ƙofa. Bayan mako biyu ka aika da tambaya wadda ba a sa suna: akwai abin da ka faɗa da ka so a ce ba ka faɗa ba, kuma akwai wanda kake ganin zaman ya yi wa nauyi? Wanda bai dawo rana ta biyu ba, ka neme shi da kanka a ranar.